Daminar da Muka Yi a Bodin A-kori-kura

Markar bana ta kama tun farkon Agusta, har yau ba ta ɗaga ba. Tun wayewar gari ake yayyafi, irin mai jiƙa mutum bai ankara ba, ɗana Nura kuwa yana ƙofar gida a nan Rano yana fama da motarsa. A-kori-kura ce ya saya ta hannu, aka ɗora mata rumfar roba mai ƙofa a baya. Ya kama gona can bayan Rurum, ya ce idan aiki ya yi zafi a motar zai riƙa kwana, ya huta da zirga-zirga. Ya shiga ya fito, ya sake shiga ya fito, yana ta mita. In ya miƙe ƙafa sai ta daki jarka, in ya tashi zaune sai kansa ya bugi rufi.

Na leƙo daga zaure na ce masa, "Ɗauke komai daga ƙasa ka rataye. Ka liƙa farin abu daga ciki. Abin da ba za ka taɓa shi yau ba kuma, kada ya kwana a ciki."

Ya yi dariya. "Umma, sai ka ce kin taɓa zama a mota."

Na koma ɗaki. Ya san gidanmu na ƙauye ya taɓa rushewa, amma ba a taɓa warware masa labarin ba, don babansa, Allah ya jiƙansa, ba ya son a tayar da zancen. Shi kansa Nura ya yi zaman mota. Yana cikina lokacin.

Muna wani ɗan ƙauye ne a ƙasar Tarai, gida mai ɗaki biyu na ƙasa da rumbu ɗaya. Ni Hajara, da maigidana Malam Sani, da 'yarmu Rabi da ba a daɗe da yaye ta ba, sai Iya, mahaifiyarsa. Malam direba ne. Yana da tsohuwar a-kori-kura mai rumfar rodi da tamfol, da benci biyu a baya. Ranar kasuwa yakan ɗebi albasa da dawa da mutane da awakinsu daga Kibiya zuwa Rano, wani lokaci har Kano. Ba mu yi arziki da ita ba, amma tukunyarmu ba ta taɓa kwana a kife ba.

Da soja suka koma bariki siyasa ta dawo, yayan Malam, Alhaji Ado, ya faɗa cikinta da ƙarfinsa. Bai tsaya takara ba, amma shi ne na hannun daman wani babban ɗan siyasa a yankinmu. Ya zo ya ari motar don yawon kamfen. Aka ɗaura mata lasifika a ka, samari suka cika ta har suna lilo a jikin rodi, aka yi ta hawa duwatsu da kwazazzabai da ita ba hutu, har injin ya buga. Da turi aka dawo mana da ita.

"Bari a rantsar da mu, Sani," in ji Alhaji. "Sabon inji zan sa maka, dal."

Aka rantsar da su. Alhaji ya tashi ya koma Rano ya gina gidan bulo. Motar kuwa aka ɗora ta kan duwatsu a tsakar gidanmu, tayoyinta suka tsattsage, kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin ƙwai. Malam ya koma fartanya. A shekarun nan ne kuma aka yi ta shelar Shari'a, duk rediyon da ka murɗa maganar adalci ake yi da haƙƙin iyaye da haƙƙin maƙwabci. In ana wa'azi a Rano, an ce Alhaji a sahun gaba yake zama.

Daminar da nake faɗa ta fara da kyau. Shuka ta tsira, aka yi noman farko lafiya, gero ya yi duhu har mutane suna cewa bana sai an ƙara rumbu. Sai marka ta zo ta zauna. Ba ruwan tsawa da iska ba, wanda zai zo ya yi faɗansa ya wuce. Wannan zuba yake a hankali, safe da yamma, kamar ba shi da wani wurin zuwa. Gishiri ya narke a kwalba. Ashana ta daina kamawa. Tufafi suka yi ta warin funfuna ko an shanya su a kan murhu. In ka dafa bango sai yatsanka ya nutse, ka ciro shi da jar laka. Indararo ya gaji, ruwa ya kwanta a kan soro.

Bayan azahar ne, ina tsinkar tafasa a bakin ƙofa, Rabi tana barci a ciki. Iya ce ta ji ƙarar, ni ban ji ba. Ta ce, "'Yar nan, ɗauko yarinyar. Azara tana kuka."

Na shiga na sungumo Rabi. Ban gama tsallake dokin ƙofa ba ƙasa ta fara zubo mini a wuya. Ɗakin bai faɗi da ƙara ba, durƙusawa ya yi kamar raƙumi, ya ja na Iya suka tafi tare. Kafin Malam ya iso daga gona rumbun ma ya karkata ya fashe, dawarmu ta bara tana iyo a cikin taɓo.

Ba mu kaɗai ba ne. A yinin nan da washegarinsa gidaje da yawa sun zauna a ƙauyen, waɗanda suka tsaya kuma masu su suna tsoron kwana a ciki. Mata da yara suka cika azuzuwan firamare, maza suka koma masallaci. Iya ta ƙi. Ta ce ita da furfurarta ba za ta kwanta tana juyi a gaban jikokin mutane ba. Malam ya tsaya a tsakar gida ruwa yana bin gemunsa, ya dubi tarin ƙasar, ya dubi motar. Abin da ya rage mai rufi ke nan a gidan.

Yanzu da abu ya faru sai a danna waya. Lokacin sai ka sami mai zuwa gari. Malam ya ba wani ɗan acaɓa saƙo ya kai wa Alhaji. Amsar da ta dawo ita ce yana Kano wajen taro, da ya dawo zai zo. Aka haɗo ɗan acaɓan da sabulu sanda biyu da atamfa turmi ɗaya mai hoton maigidan Alhaji, ɗan siyasar nan.

Kwanakin farko ba na son tuna su, amma su suka fi zama a jikina. Tsawon bodin tabarma guda ne, faɗinsa bai kai biyu ba, ga tudun tayoyi ya ci gefe da gefe, ga benci biyu. Duk abin da muka tono daga ƙasa muka tura ciki don tsoron ruwa: tukwane, adudun Iya, ƙwarya, buhun jiƙaƙƙiyar dawa, kwallayen aurena da suka lotse. Mu kuma muka cusa kanmu a tsakanin kaya. Iya a naɗe kamar ƙullin goro, ni da cikina a gefe ɗaya ba halin juyawa, Rabi a kan ƙafafunmu. Malam yana gaba a kujerar direba, sitiyari yana tokare masa ƙirji. Tamfol ɗin baƙi ne ƙirin, ya yi ƙasa-ƙasa har yana shafar ɗankwali. In ana ruwa ƙarfen ya yi sanyi kamar randa, in rana ta ɗan leƙo ya yi gumi ya turara mu. Ga warin tsohuwar albasa da baƙin mai da fitsarin akuya da ya shige cikin tsatsa, wanda da ciki ko ba ciki sai ya tayar maka da zuciya.

Wata safiya Rabi ta yi juyi ta ture tukunya, ta faɗo wa Iya a ƙauri. Na fashe da kuka, ni da ba a buge ni ba. Iya ta murza wurin, ta dube ni.

"Share hawayenki. Wannan ba ƙanƙantar wuri ba ce, rashin tsari ne. Na yi zaman bukkar da ba ta kai wannan ba ina amarya. Ku fitar da komai."

Tana zaune kan kujerar tsuguno da buhu a kanta tana nuni da tsinken tsintsiya, mu muna aiki. Aka fara kwance bencin. Ɗaya aka gitta shi can ƙurya a kan tudun tayoyi ya zama kanta, adudu da kwallaye suka hau, ƙafafunmu suna shigewa ƙarƙashi. Ɗayan ya fita waje ya zama wurin ajiye tukwane. Malam ya sauke murfin baya, ya kife turmi ya tokare shi, ya yi masa 'yar rumfa da asabari da leda. A ranar na miƙe ƙafata har ƙarshe, na ji jijiyoyina suna saki ɗaya bayan ɗaya.

Sai rufi. Malam ya zaro guntayen azara daga ɓaraguzai, ya ɗaure su a jikin rodi da waya, ya ɗaga tamfol ɗin sama kamu guda, ya toshe ratar da zana. Da la'asar Iya ta yi sallarta a zaune a ciki, ta ɗago daga sujada kanta bai taɓa komai ba. Da ta sallame ta daɗe tana kallon sama.

Ita da kanta ta tufka igiyar rama ta yi ragaya har uku, ƙore da kwanon gishiri da fitila suka koma sama suna reto. Ta sa na wanke buhunan taki, na farke su, na ɗinke da basilla, muka lulluɓe cikin tamfol ɗin da su, farin yana kallonmu. Ban yarda wannan zai yi wani abu ba sai da muka gama. Wurin bai ƙaru da ko yatsa ɗaya ba, amma sai ka ji kamar an matsar da bangon baya, numfashinka yana sauka har ciki.

Taga ce ta kawo gardama. Iya ta ce a yanka tamfol ta gefen gabas a ɗinka farar leda. Malam ya tsaya da wuƙa a hannu ya kasa.

"Iya, in na yanka, da me zan rufe albasar mutane in an gyara motar?"

"In an gyara, yayanka zai saya maka sabo."

Ya dube ta. Ni na san abin da ke ransa. Muddin tamfol ɗin nan yana nan lafiya, shi direba ne da motarsa ta lalace. Ya sa wuƙa ya yanka kusurwa huɗu, ya ninke ƙyallen ya sa a aljihu, ya ɗauki fartanyarsa ya fita ba tare da ya karya ba. Da ya dawo da yamma shi da kansa ya kwance madubin gefen direba ya rataye mana daura da tagar, haske yana shigowa ya buga ya watsu. Atamfar nan mai hoto kuwa Iya ta ce ba za ta ɗaura fuskar namiji a ƙugunta ba, sai muka yi labule da ita a ƙofar baya.

Daga nan zama ya sami doka. Da an yi asuba a naɗe tabarma a soke ta a jikin rodi. Takalmi ba ya hawa. Abin da ba za a taɓa shi a yinin ba, ƙarƙashin mota wajen kaji. Ina girki a gefe, ƙarƙashin ƙyauren langalangar da muka tono muka jingina a jikin bodi. Itace ɗanye, kara jiƙaƙƙe, sai ka yi ta hura har idonka ya kumbura. Matan unguwa muka koma bin hayaƙi: duk wadda wutarta ta kama, sai ka ga sauran sun nufo ta da sakaina a hannu ɗiban garwashi.

Yunwar damina dama kowa ya san ta, tsohon hatsi ya ƙare sabo bai iso ba. Amma ta waccan shekarar ta zo da wulaƙanci, don hatsin muna da shi, ruɓewa ya yi muna kallo. Dawar da muka tsame ta tsira a cikin buhu. In rana ta fito na baza ta kan bonet, in hadari ya taso na kwashe. Tuwonta baƙi, mai tsami da ɗaci, ba ya ɗaurewa. Sauran kuwa ganye ne: tafasa da safe, rama da rana, zogale in an samu, da ɗan ƙuli-ƙulin da bai isa ya ɓoye ɗacin ba. Cikina yana motsi yana neman abin da ba ni da shi. Akwai wata Bafillatana, Dije, da takan biyo da nono. Ta ga yadda muke, sai ta riƙa zuba wa Rabi ludayi guda ta wuce ba ta tsaya ciniki ba. Iya kuma kullum sai ta ce ta ƙoshi, ta turo mini ragowar nata.

Gini ba ya yiwuwa sai ruwa ya ɗauke, don tubali ba zai bushe ba. Sai maza suka haɗa kai a gona, yau a yi maimai a gonar wannan gobe a ta wancan, ciyawa tana tsirowa a bayansu kafin su kai ƙarshen kunya. Malam yakan dawo ƙafafunsa sun yi fari sun tsage, ya ci abin da ya samu a tsaye, ya shige gaban mota ya jawo ƙofa.

Ana haka labari ya zo cewa maigidan Alhaji zai aiko da taimako ga waɗanda gidajensu suka rushe, kwanon rufi da siminti da masara, kuma Alhaji ne zai jagoranci rabon. Ban taɓa ganin Iya cikin farin ciki irin na ranar ba. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, sai dai ta ce Babba.

"Babba zai zo da baƙi. Kada su tarar da uwarsa cikin ƙazanta, su raina shi."

Ranar da za su zo tun da sassafe ta tashe ni. Na share tsakar gida har bakin ɓaraguzai. Na goge bodin da toka. Na wanke labule, na goge madubi, na jera kwallaye a kanta, gefen da bai lotse ba yana waje. Iya ta ciro ɗan turaren wutar da take ɓoyo a adudu ta sa aka turara ciki, ta ɗaura zanenta na zuwa suna.

Maƙwabciyata Ladidi ta leƙo ta kan rusasshiyar katanga ta gan ni da tsintsiya.

"Hajara, yau ba ranar shara ba ce fa. Ki bar kayan nan a warwatse a gani."

Na ce, "Iya ce ta sa."

Ta girgiza kai ta koma. Na hango ta tana fito da tsummokaranta tana zubarwa a taɓo.

Da hantsi suka iso, motoci farare da babbar mota a baya. Alhaji ya shigo cikin shadda yana tattare bakin riga, mutum uku suna biye da shi. Ya durƙusa a bakin murfin baya ya gaida Iya, ta amsa tana kallon gefe, bakinta ya ƙi rufuwa. Ɗaya daga cikin mutanen, wani mai tabarau, ya ɗaga labule ya leƙa.

"Kai! Alhaji, zo ka ga ikon Allah. Ai wannan ya fi ɗakin wasu a birni. Har da taga! Har da madubi!" Ya saki labulen, hoton ya miƙe. "Ga kuma maigida da kansa yana gadin ƙofa."

Suka kwashe da dariya. Iya ma ta yi murmushi, ta ɗauka yabo ne. Ni ma a lokacin haka na ɗauka.

Alhaji ya ja Malam gefe, kusa da inda nake tsugune a bakin murhu, ya rage murya.

"Sani, ka ga idon mutane a kaina yake. In na fara da gidanmu za a ce na yi son kai. Ku kun sami inda kuke sa haƙarƙarinku, ga shi kowa ya gani. Wasu ko wannan babu. Ku yi haƙuri sai zagaye na biyu."

"Yaya, ƙarfe ne fa. Iya ta fara tari."

"Na sani. Ina gyara mata ɗaki a Rano, filasta kawai ta rage. Da ta bushe zan aiko da mota a ɗauke ta."

"To ko falle biyar na kwano, in kafa mata rumfa a ƙasa."

"Sani, kada ka ba ni kunya a gaban mutane."

Suka fita. Ladidi ta sami bandir guda na kwano da buhun masara, kuma wallahi ban ji haushinta ba, 'ya'yanta shida. Wasu da ɗakunansu ke tsaye ƙyam suka samu, don an san hular da suke sawa ranar zaɓe. Da babbar motar ta juya za ta koma Rano, ba wanda bai ji kwano yana ƙara a cikinta ba.

Malam bai gaya wa Iya ba, amma ba ta bukatar a gaya mata. Ta ga ba a sauke komai ba. Ta ce, "Ya yi daidai. Mai jama'a haka yake yi." Ta faɗa sau biyu, ba wanda ya tambaye ta. Can da yamma ina ba Rabi ruwa ta ce, "'Yar nan, cire madubin nan. Yana kashe mini ido."

Zagaye na biyu bai zo ba. Filasta kuma ba ta bushe ba.

Tarin Iya ya sauka ƙirji. Sanyin ƙarfe yana ratsa tabarma duk abin da ka shimfiɗa. Muka jera kara a ƙasa, muka ɗora buhu, muka ɗora tsumma. Nakan soya yashi a tukunya in ƙulla a ƙyalle in sa mata a haƙarƙari. Na dafa mata citta da kanumfari har suka ƙare. Numfashinta ya koma kamar ana jan zarto a ɗanyen itace. Malam ya ari keke ya tafi Rano, ya yini a ƙofar gidan yayansa, aka ce ya yi tafiya Abuja. Ya dawo da kwalbar maganin tari da aka miƙo masa daga cikin gida. Washegari aka kwana ana ruwa, rafin da ke tsakaninmu da titi ya cika ya haɗiye hanya. Mai amalanke ya ce shanunsa ba za su shiga ba sai ruwa ya ja.

Motar nan ta kai matan mutane asibiti suna naƙuda. Ta kai wanda maciji ya sara, ta kai wanda ya faɗo daga kuka, Malam bai taɓa cewa sai an biya kafin ya tayar ba. Ga uwarsa kwance a cikinta, ga sitiyari, ga makulli a aljihunsa. Na gan shi wata rana ya buɗe bonet ya tsaya yana kallon injin, ya daɗe, sannan ya rufe a hankali don kada ƙarar ta tashe ta.

Ranar da za ta rasu gari ya waye da rana, irin wadda muka yi makonni muna roƙo. Malam ya tafi duba ko rafi ya ja. Kanta yana kan cinyata, tana kallon tagar, ta ledar ana hango geron bayan gida ya fitar da kai. Sai ga wata ƙara daga nesa, tana tashi tana faɗuwa. Iya ta buɗe ido sosai.

"Mota ce?"

Na kasa kunne. Na ce, "Injin niƙa ne, Iya."

Ta ce, "To."

Ba ta ƙara magana ba sai kalmar shahada da na yi ta maimaita mata, leɓenta yana bi. Kafin Malam ya dawo na rufe mata ido. A cikin bodin muka yi mata wanka, ni da Ladidi da wata tsohuwa. Wurin da ta buɗa mana da dabararta ya ishe mu mu uku mu juya ta ba tare da gwiwar wata ta taɓa ta wata ba.

Rafin da ya hana a zo a ɗauke ta bai hana Alhaji tsallakowa ba. Da la'asar ya iso, an riga an dawo daga makabarta, ya zauna a ƙasa da shaddarsa ya yi kuka, kuma ba zan ce kukan ƙarya ba ne. Washegari babbar mota ta zo da kwano sabo fil da katako da kafintoci har bakin rafi, aka tsallako da kayan a ka. Na ce a raina ashe mutuwa ta taɓa shi. Sai na ji yana gaya wa kafintocin kada su nutsa ƙusa sosai. Rumfar zaman makoki aka kafa a ƙofar gida, doguwa, tana ƙyalli, don maigidansa zai zo ta'aziyya da jama'arsa. Ya sa aka kawo shanu biyu suka ja motarmu daga kan duwatsu zuwa bayan ɓaraguzai, aka kewaye ta da zana. Ragaya tana reto, kwallaye suna zubowa daga kanta, ni ina biye da Rabi a hannu ina tsincewa.

Bayan sadakar bakwai kafintocin suka dawo suka zare ƙusoshinsu, aka loda kwanon aka tafi da shi. Mu muka ci gaba da zama a bodin har aka yanke gero, Malam ya buga tubali ya tayar da ɗaki ɗaya ya rufe da kara da ƙasa. A nan na haihu. Motar daga baya 'yan gwangwan suka farfasa ta, Malam bai tsaya ya gani ba. Bai ƙara riƙe sitiyari ba har ya bar duniya, kuma bai taɓa ɗaga wa yayansa murya ba. Gaisuwar salla bai fasa kai masa ba.

Amma abin da ya fi tsaya mini a wuya ranar uku ya faru. Babban mutumin ya iso da motoci har bakin rafi, aka shimfiɗa masa darduma a ƙarƙashin sabon kwano. Na kawo ruwa a tulu na tsaya bayan zana ina jiran mai karɓa. Aka yi addu'a aka shafa. Sai na ji ya tambaya, cikin murya mai taushi:

"Alhaji, a asibiti ta cika?"

"A'a, ranka ya daɗe," in ji Alhaji. "Ba mu kai ba. A mota ta rasu."

"Allah sarki. Ka yi iyakar ƙoƙarinka. Allah ya saka maka da alheri."

Rumfar gaba ɗaya ta ce amin. Ta ɓular zana ina hango Malam a can ƙarshen tabarma, kansa a ƙasa, tafin hannunsa a buɗe kan gwiwa. Na zuba wa bakinsa ido. Shi ma ya ce amin.